Ɓawo daga injin yanka: sharar gona ce ko ta masana'anta?

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar muhalli ku taimaka, abin nan ya ɗaure min kai.

Ina noman kayan lambu, a gefen gonar kuma na kafa ɗan wurin wankewa da yankawa. Ganye da karan da suka rage bayan girbi ina tara su su ruɓe su zama taki, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Amma da na zuba ɓawon da ke fitowa daga injin yanka a kan tulin nan, sai jami'in da ya zo dubawa ya ce wannan sharar masana'anta ce, sai da izini. Shuka ɗaya ce fa! Tsakanin filin da injin ko taku hamsin babu.

Na ɗan bincika, na ga dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008 ta cire karan hatsi da makamantansa daga hukuncinta, muddin ba su da haɗari kuma a noma za a yi amfani da su. To ɓawon nawa ba ya cikin makamantan?

Ruwan wankin kam na yarda. Akwai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, in ya kwana wari yake yi, in ya gangara rafi kuma ruɓewarsa za ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Amma ɓawo zalla?

Shin inda abin ya fito ake dubawa, ko abin da ke cikinsa? In na raba ɓawon da ruwan tun daga bakin injin, hukuncin zai canza? Wanda ya taɓa neman irin wannan izini, wane gwaji aka ce ya kawo?