Mi yas sa "ka turo" ta hi "a turo" zahi ga kunnen manya?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a, tambaya gare ni ga masu sanin nahawu. Ƙanena ya tura ma kawunmu saƙo ta WhatsApp wai "ka turo kuɗin makaranta", kawu ya ji haushi ƙwarai har ya kira inna shina faɗa yaron ga bai da ladabi, alhali ko zagi guda babu cikin maganar. Inna ta ce da "a turo" ya rubuta da ba a ji komi ba. To mi ab bambancin, tunda buƙatar dai guda ta?

Malamar Hausa, Arkilla:
Wa alaikassalam ƙanena, inna ta yi gaskiya. "Ka" lamirin mutum guda na, kai tsaye ka nuna shi ka ba shi umurni, tsara ko na ƙasa da kai aka yi ma haka. "A" kuwa ba ta kama sunan kowa, aikin kawai ta ambata, sai babba ya ji an bar mashi girmanshi kamar shi yag ga dama ya yi. Shi yas sa in ka shiga gaida tsohuwa za ka ce "an tashi lahiya?" kana durƙushe, ko ka yi jam'i ka ce "kun tashi lahiya". Ka lura da matan aure ma, in ka yi sallama kana neman maigida daga bayan labule za ka ji "sun hita", mutum guda fa amma an ba shi "sun". Wallahi abin ga yana damuna don yaranmu da baki sun iya, amma da sun kama waya sai su yar da shi.

Baban Nana:
Malama Allah shi ƙara basira, amma "an" ɗin ga baki biyu gare ta. Yaro in ya yi ɓarna cewa yake "an fasa kohi", ba ya cewa ni. Ni takarduna suna wani ofis kullum amsa guda "ana dubawa, za a kira ku", ba ka san wa za ka riƙe ba.

Ummu Sadik:
Haka na Baban Nana, har habaici da ita aka yi, "an dai ji kunya" kuma mai abin tana zaune kusa tana ji. Kuma a waya babu murya babu fuska balle a ga ka sunkuyar da kai, harahin da ka rubuta shi kaɗai kawu zai gani. Ɗan Mabera ka ce ma yaron shi tai gidan kawu shi ba da haƙuri da baki, kada shi sake tura tes.