Ɗaga ƙarfe ga manyan 'yan ƙwallon tebur, tsari ɗaya zai ishi kowa?

Mai_Horaswa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin abin nan a taimaka min da haske. Ina da 'yan wasa biyu da suka kai matakin buga manyan gasa, ɗaya yaro ne ɗan shekara 19 mai manne wa tebur yana bugun sauri, ɗayan ya haura 30, shi mai tsaro ne, ja baya yake yi yana yanka ƙwallo har abokin karawa ya gaji ya yi kuskure. Yanzu tsarin jim (ɗakin ɗaga ƙarfe) ɗaya suke bi, rana ɗaya, nauyi kusan ɗaya. Yaron yana cewa washegari hannunsa nauyi yake yi ba ya jin ƙwallo, babban kuma kullum kukan gwiwa. Shin ɗaga ƙarfen ne bai dace da wasan ba ko raba musu tsari ya kamata in yi? In rabawa ce ta ina ake farawa?

Tsohon_Hannu

Wa alaikumus salam Koci. Ni dai a ganina ƙwallon nan giram 2.7 ce fa duka duka, wane ƙarfe za ka ɗaga saboda ita? A zamaninmu kwandon ƙwallaye ake cikawa koci yana watso maka ɗaya bayan ɗaya har ƙafa ta koyi hanya da kanta. Waldner ɗan Sweden da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Barcelona 1992 ai ba damtse ya ba shi ba, kai ne da laushin hannu. Ka cire su daga jim ka maida su tebur.

Ɗan_Fohan

Baba Allah ya ƙara girma, maganar laushin hannu gaskiya ce, amma wasan da kuka buga ba shi ake bugawa yanzu ba. A 2000 aka ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40, a 2008 aka hana gam ɗin nan mai ƙara wa robar raket gudu, daga 2014 kuma aka koma ƙwallon filastik wadda ba ta ɗaukar juyi kamar ta da. Duk abin da raket ke yi maka a da yanzu jikinka ne zai biya. Kuma ba ƙwallon ake ɗaga wa ƙarfe ba Baba, jikin ɗan wasan ne, mutum mai kilo 70 ya zabura gefe ya taka birki da ƙafa ɗaya ya murɗa ƙugu ya buga ya dawo, ya sake, a duƙe, har wasa bakwai in abin ya ja. Ka kalli cinyar Zhang Jike ko ta Fan Zhendong, ko yadda Aruna Quadri ke zagaya bakhan ɗinsa (bugun bayan hannu) don ya buga fohan (bugun gaban hannu), daga ƙasa ƙarfin ke tasowa ya bi ƙugu, hannu shi ne na ƙarshe.

Koci, raba su za ka yi, amma kafin ka rubuta komai ka gwada su tukuna. Tsalle a tsaye ka ga tsawon da kowa ke kaiwa, tsalle da ƙafa ɗaya ka kwatanta dama da hagu, gudun gefe da gefe da agogo, sai jifan ƙwallon nauyi daga ƙugu ta kowane ɓangare. Sakamakon ne zai gaya maka abin da kowa ya rasa, ba tsarin wani zakara da aka gani a bidiyo ba.

Yaron naka mai manne wa tebur takunsa gajeru ne, abin da yake buƙata shi ne zabura da saurin murɗa ƙugu. In bai taɓa gina ƙarfi sosai ba a fara da sikwat (tsugunnawa da tashi ɗauke da nauyi) da ɗaga ƙarfe daga ƙasa, a koya masa tsayuwa daidai da nauyi kaɗan, in ya iya sai a ƙara nauyi a rage maimaici zuwa 3 ko 5 da hutu mai tsawo tsakani, wannan ƙarfi yake ƙarawa ba tare da tara tsoka da yawa ba, sai a haɗa da tsalle da jifa. Nauyin hannun da yake kuka da shi ina zargin ana sa shi aikin damtse da ƙirji irin na masu gina jiki har sai ya kasa ɗagawa. A daina. Kuma aikin tebur mai buƙatar jin ƙwallo ya riga ƙarfe, ba ƙarfe ya riga shi ba.

Anti_Fisiyo

Na yarda da ɗan'uwa, bari in ƙara a kan babban don shi ya fi damuna. Mai tsaro yana cin ƙasa fiye da kowa, gaba da baya, dogon taku, ya nutse a kan ƙafa ɗaya ya yanka ya taso, irin yadda mai tsaron nan ɗan Koriya ta Kudu Joo Sae-hyuk ya riƙa yi, to gwiwarsa birki take takawa duk yini. Irinsa aikin ƙafa ɗaya ɗaya ya fi masa, ya riƙa sauka a hankali yana ƙirga uku zuwa huɗu kafin ya taso, a ƙarfafa mazaunai da bayan cinya da tsokar cikin cinya, tsalle kuma a rage sosai har sai ciwon ya lafa. Amma don Allah Koci a fara kai shi a duba gwiwar, ciwon jijiya daban na guringuntsi daban, kowanne da abin da ake hana shi. Ma Long na China an yi masa tiyatar gwiwa a 2019, ya dawo ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo yana da shekara 32, wato shekaru ba su ne matsalar ba in an bi jiki yadda yake so.

Abin da zan haɗa su a kai su biyun shi ne kafaɗa. Wasan nan hannu ɗaya yake ci, gaban kafaɗa ya yi ƙarfi bayanta ya yi rauni, sai a wayi gari ɗaga hannu ma ya gagara. Roba mai miƙewa ta isa, ja baya da juya hannu waje, kullum kafin a hau tebur.

Mai_Horaswa

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura tambaya ɗaya, lokacin da gasa ke bin juna fa, a ajiye ƙarfen gaba ɗaya?

Ɗan_Fohan

A'a Koci kar a ajiye, in aka yi makonni ba a taɓa ba ƙarfin zubewa yake yi. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa ya riƙe abin da aka gina, a bar nauyin kusan yadda yake a rage yawan zagaye. Kwana biyu zuwa uku kafin gasa kar a ɗora musu mai nauyi, musamman babban, shi jikinsa ya fi jinkirin warwarewa. Ka riƙa gwada tsallen nan kowane mako ka rubuta a littafi, in ka ga na mutum ya faɗi ƙasa da yadda ya saba to gajiya ce, ranar ka sassauta masa.