Wai ɗan shekara bakwai zai iya ciwon damuwa?

Maman biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Jiya ina taya yarona aikin makaranta, lissafi ne ma mai sauƙi, kawai ya aje fensir ya ce "Mama ni daƙiƙi ne, ba mai sona a ajinmu". Shekararsa bakwai fa. Wata biyu kenan ba ya fita ƙwallo, in an yi baƙi sai ya shige ɗaki, kullum da safe kuma ciwon ciki in za a tafi makaranta. Anya ba ciwon damuwa ba ne?

Kawu: Wa alaikumus salam. Wace damuwa ga ɗan shekara bakwai, haya yake biya ko cefane? Kunya ce, kuma kunya ado ce. Ki daina biye mai.

Anti nas: Kawu ku yi haƙuri, wallahi yara na yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 ɗaya na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin matsalolin nan kafin shekara 14 suke farawa. Wata likita a Amurka, Joan Luby, har a 'yan shekara 3 ta gano ciwon damuwa.

Kawu: To ai 'ya'yan Turawa kenan da ba sa cuɗanya da dangi.

Malama: Kawu ni ajin firamare nake koyarwa, kunya daban wannan daban. Mai kunya zai sunkuyar da kai gaban babba amma ana kaɗa ƙararrawar tara shi ne gaba a wajen langa. Akwai wata yarinya a ajina, in na kira sunanta hannunta har rawa yake, ta san amsar sarai don a littafi daidai take rubutawa amma bakin ya ƙi buɗuwa, abincinta ma a bayan aji take ci ita kaɗai kar a kalle ta. Wannan wahala ce ba tarbiyya ba.

Auta: Kuma abin har a ƙwaƙwalwa ana gani. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya bi yara masu firgita da baƙo tun suna ƙanana, a 2003 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasunsu bayan sun girma, sashen tsoro da ake kira amigdala ya fi motsi in sun ga baƙuwar fuska. Akwai kuma gwajin da ake sa hula mai wayoyi a kai, a dinga nuna kalmomi masu kyau da marasa kyau ana tambaya "wannan kai ne?", matasa masu ciwon damuwa ƙwaƙwalwarsu ta fi zabura da munanan. Shi ya sa kalmar daƙiƙin nan ta fi ciwon cikin tada min hankali.

Baban yara: Amma kar mu tsorata ta. Yaro ya faɗi magana sau ɗaya shikenan sai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau?

Anti nas: A'a Yaya, ba na'urar da ke nuna ciwon, likita hira yake yi da yaro da iyaye, kuma ba duk mai tsoron baƙo ke kamuwa ba. A fara duba cikin, tsutsa ko ƙarancin jini, a duba ido ma ko allon ne ba ya gani. Amma wata biyu yaro ya bar wasa, wannan ba na sau ɗaya ba ne.

Maman biyu: Yanzu na lallaɓa shi na tambaya. Wai ranar da ya kasa karatu aka tsayar da shi gaban allo 'yan aji suka yi ta mai dariya. Kuma ya ce ni ma na taɓa ce mai hakan, wallahi na ma manta, jikina duk ya mutu. Gobe zan je makarantar.

Kawu: Ki je. Ni dai har yanzu ban yarda ciwo ba ne, kar a ɗora shi kan ƙwaya. Ki kawo min shi ran Juma'a mu tafi masallaci tare, in ji ta bakinsa.