Koyar da Juyin Halitta ga Ɗalibai Masu Riƙo da Addini

Wasu malaman kimiyya da na addini sun tattauna yadda za a koyar da juyin halitta, wato yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali daga zuriya zuwa zuriya. Sun haɗu a kan kada a buɗe darasin da asalin ɗan Adam. Da zarar ɗalibi ya ji kalmar "biri" ya toshe kunne ke nan, gobe iyaye su cika ofishin shugaban makaranta. Littafin Charles Darwin na 1859 ma, wanda ya shahara wajen bayanin juyin halitta, kusan bai taɓo batun mutum ba.

A fara da abin da yara suka sani. Kulorokwin ya daina aiki ne saboda ƙwayoyin maleriya masu jure masa su suka tsira suka hayayyafa. Misalin sikila ya fi shiga jiki: mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila (S) daga ɗaya cikin iyayensa kawai, yana da kariya daga maleriya mai tsanani, shi ya sa gadon S ya yawaita a yankunan sauro. Idan AS ya auri AS kuwa, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 a haifi SS, wato mai ciwon sikila. Daga nan sai a shigo da gwajin jini kafin aure, wanda limamai da fastoci da dama ke buƙata yanzu.

Malamin kimiyya kada ya ba da fatawa. Tambayar aƙida a miƙa ta ga malamin addini.

A kan jarrabawa aka saɓa. Wasu sun ce ya isa ɗalibi ya rubuta "masana sun ce", wasu na ganin hakan hadda ce ba fahimta ba.