Kwikwiyona ba ya jin magana sai ya ga nama a hannuna

Sabon_Mai_Kiwo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makonni 3 ke nan da na karɓi wani ɗan kwikwiyo, kuma yanzu yana da makonni 11 da haihuwa. Tun ranar da ya shigo gida na ƙudurta cewa ba zan horar da shi da duka ko tsawa ba, sai dai da lada, wato idan ya yi abin da nake so in ba shi ɗan guntun nama. Cikin kwana 2 ya koyi zama idan na ce masa «zauna», har abin ya ba ni mamaki. To amma yanzu muddin bai ga nama a hannuna ba, ko sau nawa zan faɗa, kallona kawai zai yi ya kama gabansa, da zarar na ɗauko naman kuwa, tun kafin in buɗe baki ya riga ya zauna. Yayana ya ce na lalata shi, wai kwaɗayi na koya masa maimakon biyayya, kuma sanda ce kaɗai za ta gyara shi. Don Allah ina kuskuren yake, kuma ta yaya zan gyara?

Tsohon_Mai_Horo:

Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin kwikwiyon ya ɗauki darasin daidai yadda ka ba shi. Duk lokacin da ka ce «zauna» naman yana gaban hancinsa, kuma kare ya fi lura da abin da idonsa ke gani da motsin jikin mutum a kan kalmomin da ke fita daga baki, saboda haka naman ya ɗauka a matsayin umarni. Jan hankalinsa da abinci yana da amfani a 'yan gwaje-gwajen farko, don ya gane yadda ake so ya ajiye jikinsa, amma idan aka zarce da nuna masa abinci kafin ya yi aiki, to lada ta koma toshiya.

Ga yadda nake yi. Ka bar naman a aljihu ko a kan tebur, ka ɗaga hannunka babu komai a ciki kamar yadda ka saba ɗagawa, ka faɗi kalmar sau ɗaya tak, sannan ka yi shiru ka jira. Wataƙila zai yi ta shinshina hannun, ya zagaya, ya dube ka, ka ƙyale shi ya yi tunaninsa. A daidai lokacin da ɗuwawunsa ya taɓa ƙasa ka ce «yauwa», sai ka ciro naman ka ba shi. Bayan ya maimaita wasu lokuta zai fahimci cewa hannu wayam ma yana kawo lada.

Kalmar «yauwa» ɗin nan ita ce jigon aikin, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Kwikwiyo yana danganta lada da abin da yake yi a sakan 1 ko 2 da suka gabata. Idan ya zauna, kai kuma ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe sannan ka ba shi, miƙewar ka saka wa. Kalmar tana kama lokacin da ya dace, ta cike tazarar da ke tsakanin aikin da isowar abincin. Tana samun wannan ƙarfi ne saboda kullum abinci na biye da ita, irin abin da masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, ya gano yayin da yake binciken narkewar abinci a jikin karnuka, cewa dabba kan haɗa wata alama da abincin da ke zuwa bayanta. Wasu masu horo suna amfani da wata 'yar na'ura da ake dannawa ta yi ƙara, amma baki ya wadatar idan ka tsaya a kan kalma ɗaya.

Idan kuma kana fargabar cewa har abada sai ka biya shi, to masanin halayya na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna tun a shekarun 1930 cewa ɗabi'ar da ake saka wa jefi-jefi ta fi wuyar gushewa a kan wadda ake saka wa kowane lokaci. Saboda haka idan ya ƙware sosai, sai ka fara ba shi nama wani lokaci, wani lokaci kuma yabo kawai, ba tare da ya iya hasashen yaushe ne zai samu ba.

Mai_Karnuka_Biyu:

Na yarda da bayanin Malam, sai dai ina so in ja hankali kan maganar rage lada, domin a nan na taɓa yin gaggawa na sha wahala. Kwikwiyon da ya iya zama a cikin ɗaki bai iya shi a ƙofar gida ba, inda akwai mutane da ƙamshi iri-iri da ke ɗauke masa hankali. Duk sabon wuri ka ɗauka kamar daga farko kuke, ka koma ba shi lada kowane lokaci har ya saba. Shi kuwa kira, wato «zo nan», ni ban taɓa daina saka masa ba, saboda shi ne umarnin da zai iya ceton ransa ranar da ya nufi titi da gudu. Kuma kada ka taɓa kiransa don ka hukunta shi, in ba haka ba zai koyi cewa zuwa wurinka haɗari ne.

Sai batun yawa. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar kada irin wannan ƙari ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, don haka kowane guntu kada ya fi ƙwayar wake girma. Ni nakan ɗebi wani ɓangare na abincinsa na yau da kullum in yi horon da shi kafin ya ci ya ƙoshi, in ajiye nama don darasi mai wuya. Ka nisanta shi da cakulan, inabi ɗanye ko busasshe, albasa da tafarnuwa, domin duk guba ne ga kare, haka ma dafaffen ƙashi yakan tsage ya ji masa rauni a ciki. Darasi kuma kada ya wuce minti 3 zuwa 5, a yi shi sau da yawa a rana, a tashi tun bai gaji ba.

Sabon_Mai_Kiwo:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na gwada ɓoye naman jiya da yau, da farko ya yi ta kallona, amma daga baya ya zauna, kuma yanzu yana yi ba tare da jinkiri ba. Saura matsala ɗaya: idan na dawo gida yakan yi tsalle a jikina yana cizon hannuna da rigata, ina ture shi ina ce masa ya bari, amma abin sai ƙaruwa yake yi, alhali ban taɓa ba shi nama a kan haka ba.

Tsohon_Mai_Horo:

Ba ka ba shi nama ba, amma ka ba shi abin da yake nema a lokacin, wato hankalinka. Kallon da kake masa, da maganar, da turewar, duk a wurinsa wasa ne, kuma lada ce cikakkiya. Idan ya yi tsalle ka naɗe hannuwanka, ka juya masa baya, kada ka ce uffan, da zarar ƙafafunsa huɗu sun sauka ƙasa ka ce «yauwa», ka durƙusa ka shafa shi. Ka sa ran abin zai ɗan tsananta a kwanakin farko, domin dabarar da ta saba yi masa aiki ta daina, zai ƙara ƙaimi kafin ya haƙura, kuma idan ka sassauta a daidai wannan gaɓa ka koya masa naci. Wajibi ne duk mutanen gidan su bi tsari ɗaya, har da baƙi.

Cizon kuma zai ci gaba na ɗan lokaci, saboda daga wajen wata 3 zuwa 4 haƙoransa na yarinta guda 28 za su fara zubewa, na girma guda 42 su maye gurbinsu zuwa wata 6 ko 7, kuma dasashinsa zai riƙa yi masa ƙaiƙayi. Ka ajiye abin taunawa kusa da ƙofa, ka miƙa masa kafin ya kai ga hannunka, ka yabe shi idan ya kama.

Ka kuma roƙi yayanka ya ajiye sandar. Daga makonni 3 zuwa kusan 14 ne kwikwiyo ke tantance abin da zai amince da shi da abin da zai ji tsoro, kuma naka yana cikin wannan zango yanzu. Wanda aka doka a wannan lokaci yakan tashi yana tsoron hannun mutum, kare mai tsoro kuwa ya fi saurin kai cizo idan aka matsa masa. Ka ba yayan naka guntun nama biyu ko uku ya riƙe a aljihu, ka bar shi ya gwada «zauna» da kansa gobe da safe.