Neman kalma: hanyoyi biyu na kare mutum daga agana

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Ina fassara darasi kan tarihin likitanci da za a watsa ranar Asabar, amma kalmomi biyu sun tsayar da ni. Tun kafin ƙarni na 18, a Turkiyya da Indiya da wasu sassan Afirka, akan ɗebo ruwan ƙurjin mai agana a shafa wa lafiyayye a tsaga, ya ɗan kwanta ya tashi da kariya, sai dai wasu kan mutu, wasu kuma su yaɗa cutar. A 1796 likita Edward Jenner a Ingila ya yi wa yaro ɗan shekara 8 irin wannan tsaga da ruwan aganar shanu, wadda ba ta kisa. Turanci ya kira ta farko variolation, ta biyu vaccination. Idan na ce rigakafi ga duka biyun, mai sauraro ba zai gane abin da Jenner ya kawo ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kira ta farko dashen agana, domin cutar kanta ake dasawa. Ta biyu kuwa iyayenmu lamba suke ce mata, kuma tabonta na nan a damtsensu. Kada dai ka ce allura, Jenner tsaga fata ya yi.

Malamin Hausa: Hajiya, dashen agana ya zauna, amma lamba aro ce daga Turanci. Ina ba da shawarar kandagarkin saniya, tunda kalmar vaccination ma daga sunan saniya a Latin ta fito. Abin takaici ne a ce harshe kamar namu kullum sai ya miƙa hannu.

Ɗalibi: Allah ya gafarta Malam, allura da likita da asibiti duk aro ne, kuma ba wanda ya ce sun rage mana daraja.

Malamin Hausa: Ɗana, abin da ya riga ya shiga daban, abin da muke da ikon zaɓa yau daban.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, matsalar ita ce manomi zai ɗauka saniyar ake karewa. Ga shi kuma tun 1881 Louis Pasteur, masanin kimiyya ɗan Faransa, ya faɗaɗa kalmar vaccination ta haɗa cututtukan da babu ruwansu da shanu.

Mai shirin rediyo: Na gode muku. Zan ce dashen agana ga tsohuwar hanya, ga ta Jenner kuma lambar aganar shanu a ambato na farko, daga nan in ci gaba da rigakafi har zuwa 1980, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da agana.

Malamin Hausa: Ban gamsu da lamba ba, amma tunda rediyo ne kuma Asabar ta matso, a bar shi haka. A littafin makaranta kam sai mun sake zama.