Ruwan madara nake so a falo, kada ya koma min ruwan ɗorawa

Maman Hanan:
Assalamu alaikum. Masu sanin fenti, ku taimake ni. An gama filastar gidanmu a Kaduna, tayil ɗin ruwan ƙasa ne mai haske, kujeruna kuma masu duhu. A gidan haya fari tas na sa, da dare in an kunna ƙwai falon sai ya zama kamar ɗakin asibiti. Hunturu ɗaya kuwa, duk inda yara suka dafa ya fito ɓaro-ɓaro. Yanzu fari mai ɗan ruwan madara nake so. Mai fentinmu ya ce in sa launin da ake kira Magnolia, ƙanwata ta ce kul, nata ya cika rawaya. Tagar falon yamma take kallo. Wa zan bi?

Baban Khalifa:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Sana'ata ce, kuma dukansu biyun suna da gaskiya. Launin da ke jikin katin shago ba shi ne zai zauna a bangonki ba, haske ne ke yanke hukunci. Ki sayi ƙaramin gwangwani, a shafa faɗin mita ɗaya a bango biyu, shafi biyu, ya bushe. Ki duba da hantsi, ki duba bayan la'asar, ki sake dubawa da dare. Tunda tagarki yamma take kallo, ranar la'asar za ta ƙara masa rawaya, don haka ki ɗauki wanda ya fi Magnolia haske kaɗan.

Sai ƙwan lantarki. Ki duba kwalinsa: 6500K fari ne mai ɗan shuɗi, 2700K ko 3000K kuma mai ɗumi ne. Ƙanwarki wataƙila mai ɗumin ta haɗa da Magnolia, rawaya kan rawaya ke nan. Kuma kada gaggawa ta ɗebe ki, sabuwar filasta tana son kamar sati huɗu kafin fenti, in ba haka ba danshi zai ɓamɓaro shi. In mai fentinki zai zuba kala a farin bokiti ya haɗa da hannu, ki sa ya juye duka a duro ɗaya. Bokiti-bokiti ba ya taɓa fitowa iri ɗaya.

Ummu Sadiq:
Maganar duro ɗin nan gaskiya ce, ni ta ci ni. Fentinmu ya ƙare a tsakiyar bango, aka haɗo wani, har yau labule ke rufa min asiri a wajen. 'Yar'uwa, a falo da koridon da yara ke bi ki sa mai ɗan santsi, wanda tsumma mai laima ke gogewa. Silin kuma ki bar shi fari tas, shi zai sa ruwan madarar ya fito.

Abba Zariya:
Anti, ni dai mai santsin bai burge ni ba. In ba a yi wa bangon sikiridin (wato shafen da ke daidaita fuskar filasta kafin fenti) mai kyau ba, duk wani tudu da kwarin filasta sai ya tona shi da zarar rana ta haska.

Maman Hanan:
Allah ya saka da alheri. Malam, na duba kwalin ƙwayayen da maigida ya sayo, duk 6500K ne, dozin biyu. Filastar kuma yau kwananta goma sha ɗaya kacal. Na ce wa mai fentin ya dakata, gwangwanin gwaji kawai zai kawo min ranar Asabar.